Kwalejin Barewa Da Malamin Da Ba Ya Tashi Da Ƙararrawa

Duk inda 'yan makaranta suka taru suna gardamar wace makarantar Gwamnati ce ta fi suna a ƙasar nan, ba a daɗewa sai ka ji wani ya ambaci Kwalejin Barewa ta Zariya. Daga nan sai ya shiga lissafi da yatsu. Ya ce Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗanta ne, Janar Yakubu Gowon ɗanta ne, haka Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. In ya kai nan sai ya yi shiru ya dubi jama'a, watau ya gama, ba sauran magana. To, a wurin 'yan siyasa watakila an gama. Amma mu da mu ke zaune a wannan kwaleji muna koyon aikin malanta, ya kamata mu tambaya, me aka yi wa yaran nan a cikin makarantar, wa kuma ya yi musu?

Bari mu fara da asalinta, gama mutane da yawa ba su san cewa 'yar'uwar kwalejinmu ce ba. An kafa ta a Katsina cikin 1921, zamanin Gwamna Sir Hugh Clifford, shi ne kuma ya je ya buɗe ta da kansa cikin watan Maris na 1922. Abin da aka gina ta dominsa shi ne horad da malamai waɗanda za su koma lardunansu su koyar. Yaro ya kan yi shekara 5 a ciki, ya fito da takardar malanta, a ba shi alli. A lokacin nan Kudu ta riga ta yi nisa ƙwarai, don Turawan Mishan na C.M.S. sun buɗe makarantar sakandare a Ikko tun 1859, Gwamnati kuma ta buɗe King's College cikin 1909. Arewa duk faɗinta ba ta da wata makaranta sama da wannan ta Katsina. Cikin 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, aka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna. Cikin 1949 aka sake kwashe ta zuwa Zariya, inda ta ke har yau a hanyar Gaskiya. Ta yi ta sake suna, sai a 1971 ta tsaya a kan Barewa, dabbar da ke jikin tambarinta. Tsohon ginin ƙasa na Katsina yana nan tsaye, an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi, wanda ya sami hanya ya je ya gani.

Yanzu ku dubi manyan nan da a ke lissafawa, ku ga aikin da suka fara yi. Ahmadu Bello ya bar Katsina cikin 1931, ya koma Sakkwato ya yi shekara 3 yana koyarwa a makarantar Midil. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya zama malami a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Bauci, ya yi ta koyarwa har ya zama babban malamin Midil, kana aka aika da shi London cikin 1945 ya ƙaro ilmin malanta. Kashim Ibrahim na Barno, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, malamin makaranta ne. Aliyu Makaman Bida haka. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru. Shehu Shagari ya koyad da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Kusan duk wanda ka taɓa cikin na farkon nan, ka tarar da ƙurar alli a hannun rigarsa. Ina faɗin haka ne domin waɗansu daga cikinmu, waɗanda su kan sunkuyad da kai in an tambaye su abin da su ke karantawa, kamar an kama su da kazar maƙwabci.

Wajen karatun aji, abin da aka fi sanin Katsina da shi Turanci ne, musamman na baka. Ana koyar da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa, amma malaman sun fi matsa wa yara kan su furta kalma daidai, su tsaya a gaban mutane su yi magana a tsanake ba tare da in'ina ba. Wanda ya taɓa jin muryar Tafawa Ɓalewa cikin tsofaffin faifai ya san abin da na ke nufi. Ga wani abin mamaki kuma. Makarantar da ta dage kan Turanci haka, ita ce ta ba mu littattafan Hausa na farko da mu ke karantawa har yanzu. Da Mista East ya sa gasar rubuta labari cikin 1933, littattafai 5 aka zaɓa aka buga, aƙalla 3 daga ciki na mutanen Kwalejin Katsina ne. Malam Bello Kagara, malami a can, ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Ba zan wuce ba sai na ce mu 'yan Mishan ma ba a bar mu a baya ba, don John Tafida na Wusasa yana da hannu a cikin Jiki Magayi. Masu cewa in ka ƙware a harshe ɗaya sai ɗayan ya lalace, su yi mana bayanin wannan.

Amma ni a ganina abin da ya fi gina yaran nan ya faru ne bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. Makarantar kwana ce, malamai kuma a cikinta su ke zaune. Malamin da ya koya maka lissafi da safe, shi za ka tarar a fili da la'asar ya sa gajeren wando yana jiranka. Da dare kuma ya zago ɗakin karatu ya ga ko kana nazari. Saboda haka ya san ka ciki da waje. Ya san yaron da ke da kai amma ga tsoro, ya san wanda ba ya iya jimlar lissafi amma in ya yi magana sauran yara su kan bi shi. Ba ka iya gane irin wannan daga kan takardar jarrabawa.

A Katsina ana wasan kurket, da wani wasa da Turawa suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila, mai suna fayif, inda a ke buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello ya ƙware a cikinsa, bai kuwa bar shi ba har yana Firimiya, wasan ma har yanzu ana yinsa a Katsina da waɗansu garuruwan Arewa. Ku tuna fa, yaran nan daga wurare masu nisa suka zo. Sardauna da ƙafa ya kan taho daga Sakkwato, tafiyar kusan mako guda. Ga Babarbare daga Barno, ga Banufe daga Bida, ga Bayarabe daga Ilori, ga Bafilace daga Adamawa, kowa da harshen gidansu da irin tuwon da ya saba. A aji kowa ta kansa ya ke yi, yana neman ya fi ɗan'uwansa maki. A fili kuwa dole ka miƙa wa wani ƙwallo, ko ka san sunan garinsu ko ba ka sani ba. Mutanen da suka zauna a Majalisar Kaduna bayan shekara 20 ko 30 sun riga sun san halin juna tun daga nan.

An raba yara gida gida, kowane gida da malaminsa da shugabanninsa daga cikin manyan yara, suna gasa da juna wajen wasanni da tsabta. Sunayen gidajen ma abin dubawa ne. Akwai na Gwamna Lugga da na Clifford, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma akwai gidan Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, akwai na Mista Mort wanda ya shugabanci kwalejin, akwai na Malam Bello Kagara, da na Sulaimanu Barau, wanda ya yi malanta kafin ya zama Sarkin Abuja. Makarantar da ta fid da shugabannin ƙasa, sunayen malamai ta fi liƙa wa ɗakunan kwananta.

Labarin Yakubu Gowon ya fi kama ni, watakila don ni ma a makarantar Mishan na tashi. Ɗan mai wa'azi ne, mutumin Ngas daga ƙasar Filato, ya girma a Wusasa, ya shiga kwalejin bayan ta koma Zariya. Abin da 'yan ajinsu suka san shi da shi, shi ne gola na ƙungiyar tamaula, gwani ne a tseren mil guda da tsallen gora, shi ne kuma kyaftin na 'yan dambe. Cikin 1954 ya shiga soja. A waɗannan shekaru kwalejin ta ba rundunar soja hafsoshi da yawa. Abin baƙin ciki, daren 15 ga Janairu 1966 kamar a kan rajistar makarantar nan aka bi, gama ban da Firayim Minista da Firimiya, Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammed, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam na Jos, duka tsofaffin 'yan makarantar ne.

Sai kuma muhawara. Yaron da aka saba masa ya tashi ya kare ra'ayinsa a gaban malamansa, ba ya mancewa in ya girma. Waɗanda suka taru a Bauci wajen 1943 da 1944 suna tattauna al'amuran En'e a fili, har Razdan na saurare, su Sa'adu Zungur ne da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, dukansu 'yan kwalejin nan. Ƙungiyar Malaman Arewa da aka kafa cikin 1948 daga hannun irinsu ta fito. Ba su yarda da juna a kan kome da kome ba, daga baya ma Aminu Kano ya bi NEPU, Tafawa Ɓalewa ya bi NPC. Amma kowannensu ya iya tsayawa ya kawo hujja, ya kuma iya zama ya ji ta abokin gardama har ya kai aya.

Kada wani ya ce na zo yi wa Barewa kirari ne kawai. Ƙofarta ƙunci gare ta ƙwarai. Gwamna Clifford bai ɓoye ba, don samarin Musulmi na ƙasashen sarakuna aka gina ta, kuma da yawa cikin na farkon 'ya'yan sarauta ne ko 'ya'yan ma'aikatan En'e. Kakanninmu na kan duwatsu da bakin Binuwai ba a yi lissafi da su ba a lokacin, sai abin da Mishan ta yi musu. Dokta Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, sai Ikko ya tafi, King's College. Makarantar sakandare ta samari a Gindiri sai 1950 aka buɗe ta. 'Yan mata kuwa sun jira har 1956 kafin Gwamnati ta buɗe musu makarantar Sarauniya Elizabeth a Ilori. Ban da wannan, dole mu yarda cewa sa'a ta taimaki 'yan Barewa. An tace yara kaɗan daga larduna duka, aka tara su wuri ɗaya, suka fito daidai lokacin da Turawa ke shirin tafiya, kujeru na nan birjik ba masu zama. Ko da malaman ba su da ƙwazo sosai, da waɗansu cikinsu sun zama manya. Duk na yarda. Amma sa'a kujera kaɗai ta ke bai wa mutum. Yadda zai buɗe baki ya yi magana bayan ya zauna, wannan sai in wani ya koya masa.

To, ina mu ke yau? Tun da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa cikin 1976, yara suka yi ta kwararowa, makarantun sakandare na Gwamnati suka yawaita har ƙauyuka. Wannan alheri ne, wanda duk ya ce a koma zamanin da yaro ɗaya tak zai fita daga gunduma guda, ba ya ƙaunar talaka. Sai dai da aka faɗaɗa makarantar, rabinta aka ɗauko, aka bar rabi. An ɗauko aji da allo da jarrabawa, aka bar la'asar.

Na ga wannan da idona a makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa bara, wata sakandaren Gwamnati ta jeka-ka-dawo, ba sai na faɗi sunanta ba. Yaran ajina sun haura 80. A jikin takardar tsarin darussa an rubuta wasanni ran Laraba, ƙungiyoyi ran Alhamis, da kyakkyawan rubutu. Ran Laraba ta farko na fita fili, na tarar ciyawa ta kai gwiwa, awaki na kiwo, sandar gola ɗaya ta faɗi. Na tambaya, aka ce ai wannan lokaci an ba masu shirin jarrabawar WAEC su yi ƙarin darasi, sauran kuma su tafi gida. Ƙarfe 2 na yi, kafin yara su kai bakin ƙofa baburan malamai sun riga su fita. A cikin ajin nan akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba har mako 5. Ran nan na ji ta a gindin mangwaro tana ba ƙawayenta labarin rigimar da aka yi a kasuwarsu, tana kwaikwayon muryar kowa, har da ta sarkin kasuwa, yara na ta faɗuwa don dariya. A Katsina ta 1930, in da ana ɗaukar mata, da wani malami ya riga ya sa ta a wasan kwaikwayo ko muhawara. A nan kuwa abin da takarda ta sani game da ita shi ne ta ci 34 a Turanci.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Makarantun Gwamnati na yau 'ya'yan waccan ne, ga su kuwa suna rarrafe, har manyan da suka ci moriyarsu sun kwashe nasu 'ya'yan sun kai makarantun kuɗi. Je ka dubi allon tallar makarantar kuɗi, me su ke nunawa? Wurin iyo, da filin ƙwallo, da yara riƙe da kofin muhawara. Ashe sun san amfanin abin. Ɗan talaka ne kaɗai aka ce masa wasa ɓata lokaci ne.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jinta a ɗakin cin abinci. Za a ce Barewa makarantar kwana ce, yanzu kuwa wa zai yarda ya kai ɗansa kwana a bayan gari? Gaskiya ne. Bayan abin da ya faru a Chibok cikin 2014, da Ƙanƙara cikin Disamba 2020 inda aka kwashe yara fiye da 300, da Kagara da Jangebe cikin Fabrairu 2021, ba ni da bakin da zan ce wa uba ya saki jiki. Za a kuma ce malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, dole ya yi sauri ya tafi gona ko ya ɗauki fasinja a babur. Wannan ma gaskiya ne, ba na kuwa zargin magidanci mai 'ya'ya 6 don ya tafi neman abin cefane. Hakkin Gwamnati ne ta biya shi a kan kari, ta kuma ƙara masa wani abu in ya tsaya da yara bayan tashi, yadda a ke biyan mai duba jarrabawa.

Amma mu fa? Yawancinmu ba mu da iyali tukuna, ƙafafunmu da sauran ƙarfi. Muhawara ba ta bukatar kome sai inuwar itace da benci biyu da wanda zai riƙe agogo. Wasan kwaikwayo haka. Jaridar bango, takarda ce da ƙusa. Tsere ba ya cin ko kwabo, ƙwallo ɗaya kuwa ta ishi yara 22. Awa ɗaya sau biyu a mako, daga ƙarfe 2 zuwa 3, rana na sama, kowa ya isa gida kafin la'asar. Ba Barewa za a samu ba, amma malami zai san sunayen yaransa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a aji mai mutum 80.

Abu ɗaya ne ba na so a tono daga tsofaffin makarantun kwana, watau mulkin manyan yara a kan ƙanana. Ba yaro aikin shugabanci yana da kyau, ta haka ya ke koyon riƙon amana. Amma inda malami ya miƙa wa ɗan shekara 17 bulala ya tafi gida ya kwanta, abin da ke biyo baya zalunci ne, ƙaramin yaro ya zama bawan wanki da ɗebo ruwa. Tsofaffin 'yan makaranta su kan ba da labarin wannan suna dariya, wai shi ya sa suka zama maza. Waɗanda abin ya kore su daga makaranta ba su zuwa taron tsofaffin ɗalibai, shi ya sa ba a jin nasu labarin.

Ga roƙona ga Shugaban wannan kwaleji da malamanmu. In mai duba mu ya zo wurin gwajin koyarwa, littafin shirin darasi ya ke dubawa, da rubutun allo, da yadda mu ke jefa tambaya. Ba a taɓa tambayar ɗayanmu ko ya iya hura usur, ko ya san yadda a ke tsara muhawara, wa ke fara magana, minti nawa, yaya a ke ba da maki. Abin da ba a ba shi maki kuwa, ɗalibi ba ya kula da shi, mu duka mun san halinmu. Ina roƙo a sa wa kowane ɗalibi mai fita gwaji ya riƙe ƙungiya ɗaya a makarantar da aka tura shi, ko ta wasa, ko ta muhawara, ko ta noma, ko ta waƙa, ya kawo rahoto a rubuce, mai dubawa kuma ya tsaya ya gani da idonsa ko da sau ɗaya ne. Kafin nan sai a fara koya mana a nan, don ba ka ba da abin da ba ka da shi. Ƙungiyar muhawararmu ta kwalejin nan sau nawa ta zauna bana? Ina kuma ba da shawara a riƙa yin mako ɗaya da Turanci, mako ɗaya da Hausa, domin akwai masu hankali da yawa a cikinmu da tsoron karya Turanci ya rufe wa baki, mu kuma da Hausa ba harshen iyayenmu ba ce mu daɗa gogewa.

Na san akwai abokaina 'yan ajin ƙarshe da ke ganin duk wannan ƙarin wahala ne a kan aikin da ba a biya da kyau. Edita ya ce akwai fili a fitowa ta gaba, sai su rubuto. In kuwa sun fi son baka da baka, a sa rana a babban ɗakin taro, su kawo mutum biyu, ni ma in nemo na biyuna.